Waƙa ga yaron da ba ya magana

Maganar yau taku ce, iyayen da ke zaune a Fatakwal, Anaca da Inugu, masu jinyar yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni mai tsanani, wanda ba ya zama, ba ya magana, wani ma wuyansa bai tsaya ba. Sau da yawa doguwar naƙuda ce ke jawo hakan, ko shawarar jarirai da ta yi tsanani, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai.

Idan likita ya ce ciwon ba ya warkewa, ba yana nufin a naɗe hannu ba ne. Akwai kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, wadda babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya buƙaci ƙasashe su sanya cikin tsarin lafiyarsu a 2014. Jinya da sauti na cikin dabarun da ake amfani da su. Tun 1959 Paul Nordoff da Clive Robbins suka fara gwada kiɗa da yara masu naƙasa a Ingila. Waƙa ba ta gyara ƙwaƙwalwa, amma takan rage firgici da kuka, ta sassauta jikin da ya sandare, ta ba yaro hanyar amsawa ko da da ƙifta ido ne.

Uwargida, ba sai kin sayi komai ba. Tun yana ciki yake jin muryarki. Ki zaɓi lokacin da janareto da hayaniyar kasuwa suka lafa, ki ɗora shi a ƙirjinki, ki rera waƙar reno guda ɗaya a hankali, daidai da numfashinsa. Ki riƙa tsagaitawa kina jiran amsarsa. Minti goma ya isa, amma a maimaita kullum, musamman kafin wanka ko barci. Idan kakarsa na Kano ko Sakkwato, ta turo muryarta ta WhatsApp. Gidan da ba a son kiɗa, murya kaɗai ta wadatar. Maigida da yayye ma su karɓe ki, don jinya ba ta mutum ɗaya ba ce.

A kula da abu uku. Idan ya gantsare, ya kau da kai ko numfashinsa ya yi sauri, a dakata. Kada a manna masa waya ko abin sauraro a kunne. Kada kuma a daina ba shi maganin farfaɗiya don an ga ya samu natsuwa.

Shawara mai tsanani takan taɓa ji, saboda haka a nemi gwajin kunne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Ituku-Ozalla kusa da Inugu yana da sashen kula da raɗaɗi. Mutanen Anaca su nemi likitan yara a asibitin koyarwa na Nnewi, na Fatakwal kuma a na jami'ar garin.

Allah Ya ba yaranmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa.