NAZARI: Kyamara da jiniya a gidajen Gitata: Abin da ya kamata magidanci ya auna kafin ya zuba kuɗinsa

A da, sai a bankuna da ofisoshin jakadanci da gidajen manya na Maitama da Asokoro ake ganin kyamarar tsaro. Yau kuwa ta sauko ta shiga kasuwa: ana sayar da ita a shagunan kayan waya, ana tallarta a Facebook, kuma wadda ke aiki da farantin sola da layin waya ta kai har garuruwan da wutar lantarki ba ta zama a cikinsu. Gitata, wadda ke kan hanyar da ta tashi daga Keffi ta nufi kudancin Jihar Kaduna, tana cikin garuruwan da wannan ciniki ya shafa. A taswirar mulki tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Karu, amma Keffi ce birnin da yawancin harkokinta suke komawa.

Dalilin wannan sha'awa ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Disambar 2024 ya ƙiyasta cewa gidaje sama da miliyan 4 ne aka yi wa fashi tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024, kuma kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai ƙara wurin 'yan sanda. An yi ta muhawara kan alƙaluman rahoton, amma ba wanda ya musanta saƙon da ke cikinsa: mutane da yawa sun fitar da rai daga samun ɗauki. Sace mutanen da aka yi a cikin gidajensu a yankin Bwari a Janairun 2024 ya ƙara wa mazauna kewayen Abuja fargaba, domin ya nuna cewa kusanci da fadar gwamnati ba katanga ba ne.

Tambayar ita ce: magidancin da ya tara 'yan kuɗinsa da gumin goshi, yana son kare iyalinsa da babur ɗinsa da buhunan amfanin gonarsa, me zai saya, kuma me zai sa ran samu?

Kyamara ido ce, ba hannu ba

Abu na farko shi ne sanin iyakar na'urar. A 2019 wasu masana huɗu, cikinsu har da Eric Piza da Brandon Welsh da David Farrington, sun tattara binciken da aka yi na tsawon shekara 40 kan tasirin kyamarorin tsaro, akasari a Ingila da Amurka. Sun gano cewa kyamara ta rage aikata laifi da kimanin kashi 13 cikin 100 gaba ɗaya, amma a wuraren ajiye motoci ragin ya kai kashi 37. Game da laifukan da ake amfani da ƙarfi kuwa, ba su ga wani tasiri na a zo a gani ba. Haka nan kyamarorin da ke da mai sa musu ido a kowane lokaci su ne suka yi aiki, waɗanda aka kafa aka bar su suna naɗa kawai ba su taɓuka abin kirki ba.

Gitata ba Landan ba ce, amma darasin ya tsallako teku. Kyamara tana razana ɓarawon da ya zo da sanɗa, wanda ke tsoron a gane fuskarsa: mai haura katanga ya ɗauke babur, mai ɓalle kwadon gareji ya cire batirin mota, mai kwance akuya, mai yanke wayar janareta. Irin wannan ɓarawo sau da yawa ɗan gari ne ko wanda ya san gidan, kuma tonon asiri ne abin da ya fi tsoro. Gungun 'yan bindiga da suka zo da dare sun rufe fuska kuwa, kyamara ba za ta tare su ba. Iyakar abin da za ta yi shi ne ta ba mai gida 'yan mintoci na sanin cewa an iso, sannan ta bar shaida a baya. Mai sayarwar da ya yi alƙawarin fiye da haka, cinikinsa yake yi.

Saboda haka wanda kuɗinsa ba su kai ya haɗa komai ba, jiniya ta fi cancanta ya fara da ita. Ƙaramar na'urar maganaɗisu da ake liƙawa a ƙofa ko taga, da na'urar jin motsi a cikin gareji, da jiniya mai ƙara a saman rufi, duka ba su cin wuta sosai, kuma suna yin abin da kyamara ba ta yi: suna tada mai barci, suna tada maƙwabta, suna sanar da ɓarawo cewa lokacinsa ya ƙare. Idan aka haɗa da fitila mai kunna kanta da ƙofar ƙarfe mai sakata ta ciki, an rufe mafi yawan kafofin ƙananan sace-sace kafin a zo maganar hoto.

Wuta, sabis da ƙura

Darasi mafi tsada kan wannan batu gwamnati ce ta biya kuɗinsa. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta bai wa kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro, wanda ya ƙunshi kyamarori kimanin 2,000 a Abuja da Legas, da bashin da aka ciyo daga bankin Exim na Sin. Ba a daɗe ba turakun suka zama kwarangwal a bakin titi, an kwashe farantan sola da batura. Lokacin da bam ya tashi a tashar motar Nyanya ranar 14 ga Afrilun 2014 ya kashe mutum sama da 70, jama'a sun yi ta tambayar ina kyamarorin suke. Har a Mayun 2023 sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe bashin. Abin da ya kashe wancan aiki, wato rashin kula da rashin mai gadin na'urar kanta, shi ne zai kashe na magidanci idan bai yi lissafi ba.

Lissafin kuwa daga wuta yake farawa. Kamfanin AEDC ne ke raba lantarki a Abuja da Nasarawa da Neja da Kogi, kuma a tsarin rukuni-rukuni da ake bi, 'yan rukunin A ne kaɗai aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, na ƙasa kuwa abin yana sauka har zuwa awa 4. Kyamara huɗu da akwatin naɗar hoto, wanda masu sana'ar ke kira DVR, suna jan kimanin wat 40, wato kusan yunit ɗaya na wuta a yini da kwana. Batir na gargajiya mai 100Ah, idan ana so ya yi ƙarko ba a zuƙe shi fiye da rabi ba, bai wuce ya riƙe su awa 15 ba. Dogaro da janareta kuma ya zama wahala tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Duk tsarin da bai zo da batirinsa da farantin solarsa ba zai mutu ne daidai lokacin da ake buƙatarsa, tsakiyar dare bayan an ɗauke wuta.

Na biyu shi ne sabis. Kyamarar da ke turo hoto zuwa waya tana buƙatar intanet mai ƙarfi, don haka kafin a biya kuɗi ya kamata a gwada layukan waya a daidai wurin da za a kafa ta, da rana da kuma dare. Sannan a yi lissafin data: kyamara ɗaya da ke turo bidiyo ba tsayawa, ko a matsakaicin inganci, za ta iya cinye kimanin gigabait 10 a rana, sama da 300 a wata, ga shi Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Mafita ita ce kyamarar da ke naɗa a katin ajiya ko a akwati cikin gida, ta turo saƙo kawai idan ta ji motsi. Wannan yana da wani amfani kuma. A Satumbar 2021 an katse sadarwar waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. A irin wannan hali, na'urar da rayuwarta ta rataya ga intanet ta zama ado. Akwatin naɗar kuma a ɓoye shi, domin ɓarawon da ya san aikinsa shi yake fara nema.

Na uku shi ne yanayi. Ƙurar hunturu tana dusashe gilashin kyamara, tana rage ƙarfin farantin sola, sai an riƙa gogewa. Da damina kuwa tsawa tana ƙona na'urorin da aka ja musu doguwar waya ba tare da kariya ba. Wurin kafawa ma yana da ƙa'ida: idan ta yi ƙasa za a fizge ta, idan ta yi sama da yawa hula kawai za ta ɗauka. Tsayin mita 2.5 zuwa 3, tana fuskantar ƙofar shiga da ƙofar gareji, shi ya fi ba da fuska. Kuma a gwada hoton dare kafin mai haɗawa ya tafi, domin kyamarar da ke burgewa da hantsi tana iya zama makauniya bayan Isha'i.

Sirrin gida da haƙƙin maƙwabci

Akwai ɓangaren da masu talla ba su cika ambata ba. Ginin Bahaushe, daga zaure zuwa tsakar gida, an tsara shi ne don kare mutuncin iyali daga idon baƙo. Kyamarar da aka kafa a tsakar gida aka haɗa ta da intanet tana iya rushe wannan tsari cikin dare ɗaya. A 2016 wata manhajar kutse mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, cikinsu har da kyamarori da akwatunan naɗa, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. Matsalar ta kai ga Birtaniya ta haramta sayar da na'urori masu irin waɗannan kalmomin sirri na gama-gari tun daga Afrilun 2024. A nan gida haɗarin ya fi kusa: yaron da ya zo ya haɗa na'urar shi ya san kalmar sirrin, kuma sau da yawa asusun yana kan wayarsa. Wajibi ne mai gida ya sauya kalmar da hannunsa, ya tabbatar asusun da sunansa yake, kuma kada ido ya kalli ɗakunan kwana ko sashen mata.

Haka maƙwabci yake da nasa haƙƙin. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta yi sassauci ga abin da mutum ya tattara don amfanin gidansa, amma da sharaɗin kada ya keta sirrin wani. Addini da al'ada kuwa sun riga doka hana leƙen gidan mutane. Kyamara mai juyawa da aka ɗora a kan dogon ƙarfe tana hango tsakar gidan maƙwabta za ta haifar da gaba, alhali maƙwabcin nan shi ne zai fara fitowa in jiniya ta yi kuka.

Wa zai amsa kiran?

Nan ne gizo ke saƙa. Jiniya kira ce, kuma kiran da ba mai amsawa hayaniya ce kawai. Najeriya tana da 'yan sanda da ba su kai 400,000 ba ga al'umma sama da miliyan 200, kuma Sufeto Janar na wancan lokacin, Kayode Egbetokun, ya faɗa a 2023 cewa rundunar na buƙatar ƙarin jami'ai 190,000. Akwai bataliyar soja a Keffi, akwai lambar gaggawa ta 112, amma a garin da ke wajen birni, waɗanda za su iso cikin mintoci biyar na farko su ne maƙwabta da 'yan sintiri. Saboda haka tsarin da ya fi dacewa da Gitata na unguwa ne, ba na gida ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidaje goma da suka haɗa kuɗi suka kafa kyamara biyu masu kyau a mashigar layinsu, da fitilu, da jiniya ɗaya da kowa ya san ma'anar kukanta, da yarjejeniya a gaban mai unguwa kan wanda za a kira da abin da kowa zai yi, sun fi gida ɗaya mai kyamara takwas da ba wanda ya san da su.

Amma a nan ma akwai tarko. Hoton da kyamara ta ɗauka shaida ce, ba hukunci ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi bayanan na'ura idan an cika sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da hoton. Don haka a daidaita kwanan wata da agogon na'urar, a adana asalin bidiyon, a miƙa wa 'yan sanda. Watsa shi a WhatsApp da sunan wanda ake zargi yana iya ɓata shari'ar, yana kuma iya jawo a far wa marar laifi, musamman da yake hoton dare yana sa mutane su yi kama da juna. Kisan mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a Maris ɗin 2025 ya isa ishara kan inda zargi ke kaiwa idan taron jama'a ya zama alƙali.

Abin da ya rage ga hukuma

Yawaitar waɗannan na'urori alama ce ta cewa talaka ya fara biyan kuɗin tsaro sau biyu: ta haraji, sannan daga aljihunsa. Gwamnatin Nasarawa da ƙananan hukumomin Karu da Keffi za su iya mayar da wannan ɗawainiya ta zama riba ga kowa: a samar wa ofisoshin 'yan sanda na karkara abin hawa da layin waya da ake ɗauka da dare, a koya wa jami'ai yadda ake karɓar shaidar bidiyo, a kuma tantance masu sana'ar haɗa kyamara, tunda mutumin da ya san kowane lungu na gidanka ba ƙaramin amana aka ba shi ba.

Shi kuwa magidanci, jerin nasa a bayyane yake: ƙofa da sakata, sai haske, sai jiniya, sai fahimtar juna da maƙwabta, sannan kyamara mai batirinta da ma'ajiyarta. Wanda ya bi wannan jeri, ko kuɗinsa sun ƙare a mataki na uku, bai yi asara ba. Wanda ya fara daga ƙarshe kuwa, yana iya wayar gari yana kallon yadda aka tura babur ɗinsa aka fita da shi, cikin hoto mai kyau, ba tare da ya san wanda zai kai wa kuka ba.