A gwada eriyar a Ladduga kafin a sa hannu a kwangila

Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, ta gaji shirin saka wa shanu ɗan kunnen lantarki domin daƙile sata. Sai dai ɗan kunnen ba shi da batir. Eriyar da ke cikinsa ce ke zuƙo wuta daga na'urar karantawa, sannan ta mayar mata da lambar dabbar. Idan eriyar ta gaza, kuɗin gwamnati sun bi ruwa.

Nau'i biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Mai kilohaz 134.2 bai damu da laima ba, amma sai an matso dab da saniya. Mai megahaz 860 zuwa 960 yana amsawa daga mitoci da dama, amma ruwa da jikin dabba suna rage masa ƙarfi.

Kudancin Kaduna kuwa ƙasa ce mai doguwar damina. Saboda haka wajibi ne jami'an sayayya su gindaya sharaɗin gwada samfuri a kunnen shanun gandun Ladduga da ke Kachiya, rani da damina, bisa sa idon masanan Jami'ar Jihar Kaduna reshen Kafanchan. Takardar ɗan kwangila ba ta dawo wa makiyayi da saniyarsa.