WANDA YA CI LADAN KUTURU, DOLE YA YI MASA ASKI

A daminar da ta wuce wani maƙwabcina, direban tasi, ya fita da asuba zai kai wata mata kasuwa. An kwana ana ruwa, titin unguwarmu ya koma kamar fadama, ba ka gane inda kwalta take da inda ta ƙare. Bai yi nisa ba motar ta rufta cikin wani rami da ruwa ya rufe. Taya ta fashe, sifirin ya karye, tankin baƙin mai ya tsage, sai da aka kira janwe. Motar kuwa ba tasa ba ce, balas yake kai wa mai ita kullum. Kwana tara ta yi a wurin bakanike, cikin kwanakin nan ko sisi bai shiga aljihunsa ba, ga iyali, ga kuɗin gyara da mai mota ya ce a raba biyu. Da na je yi masa jaje na tambaye shi ko zai kai kuka sakatariyar ƙaramar hukuma, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam ke nan! Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ramin nan ba ranar aka haife shi ba. Ya fara ne kamar bakin ƙwarya, lambatu ya toshe, ruwa ya rasa hanya ya kwanta a kan kwalta, ya riƙa shiga tsagar yana jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, manyan motoci suna bi suna farfasa gefen, har ya kai yaro zai iya kwanciya a ciki. Damina biyu yana nan. Masu karɓar haraji suna tsallake shi kullum in za su tasha. Abin da mutum ya gani da idonsa shekara biyu, gyaransa kuma yana wuyansa, ya ƙi gyarawa, sunansa sakaci. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana neman haƙƙi ba. Ko a ƙauye, in shanu suka shiga gonar mutum, ba a ce masa ya rungumi ƙaddara ya koma gida. Mai gari yakan tura a duba ɓarna, a ƙiyasta, mai shanu ya biya. Me zai sa abin da ya hau kan makiyayi mai sanda ya sauka daga kan ciyaman mai kujera?

Bari mu duba abin da direba ke biya kafin ya hau titi. Akwai lasin tuƙi, akwai lasin mota, akwai tikitin tasha na kullum. Akwai inshora, wadda tun daga watan Janairu na 2023 mafi ƙanƙantarta ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma ita wannan ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ruwanta da motarka. Daɗin daɗawa akwai takardar shaidar lafiyar mota, wadda in babu ita jami'an duba motoci za su tsare ka a bakin hanya. Wato hukuma ta wajabta wa mota ta dace da titi, amma babu mai tambayar ko titin ya dace da mota. Hausawa suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An ci lada, an kuma ci, askin ne ba mu gani ba.

Kada wani ya ce ba a san mai alhakin ba. Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne: na gwamnatin tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Na tarayya suna ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA, wadda aka kafa a 2002. Game da ƙananan hukumomi 774 kuwa, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukansu, daga ciki har da ginawa da kula da tituna da magudanan ruwa da fitilun hanya, haka nan da kafa tashoshin mota da tafiyar da su. Abin lura a nan shi ne, takardar da ta ba su ikon tasha ita ce ta ɗora musu nauyin titi. Sun karanta layin karɓa sun haddace, layin gyara kuwa kamar da tawadar ruwa aka rubuta shi.

To, in haka ne, me ya hana mutane irin maƙwabcina zuwa kotu? Gaskiya ita ce an gina musu katangu a hanya. Ta farko ita ce dokar kare jami'an gwamnati, wadda muka gada tun zamanin mulkin mallaka, da takwarorinta a jihohi da dama. Ta ce duk mai son ƙarar jami'i kan abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, sai ya shigar da ƙara cikin wata uku. A 1998 Kotun Ƙoli ta fassara cewa wannan kariya ta haɗa har da hukumomi, ba ɗaiɗaikun ma'aikata kaɗai ba. Ta biyu, dokokin ƙananan hukumomi a jihohi da yawa sun ce sai ka fara aika takardar sanarwa ka jira, galibi wata guda, kafin ka shigar da ƙara. Ta uku ita ce mafi ɗaci: ko ka yi nasara, sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da yardar Antoni-Janar. Wato sai lauyan gwamnati ya amince kafin ka karɓi abin da gwamnati ta ci maka. Mutumin da ke neman abin cefane, wata ukun nan yana zaryar bakanike za su ƙare.

Turawan da suka bar mana irin wannan tunani su kansu sun daɗe da yar da shi. A Ingila, tun daga wata shari'a ta 1788 a kan keken doki da ya lalace saboda gadar da ba a gyara ba, ƙa'idarsu ita ce ba a ƙarar masu hanya don sun ƙi gyara, sai fa in sun yi gyaran sun ɓata. A 1961 majalisarsu ta soke wannan kariya. Dokar hanyoyinsu ta 1980, a sashe na 41, ta ɗora wa hukuma wajibcin kula da titi, shi ya sa direba a can yakan cike takarda ya nemi kuɗin tayarsa daga hukumar yankinsa. Mai rigar ya tuɓe ta fiye da shekara sittin, mu da aka ba kwance muna nan muna ta ado da ita.

Na san abin da za a ce. Za a ce in aka buɗe wannan ƙofa baitulmali zai ƙare, kowa zai kawo tsohuwar tayarsa ya ce rami ne. Za a ce wasu direbobi gudu suke yi, wasu lodi suke yi fiye da ƙima. Duk akwai ƙamshin gaskiya, amma ai don haka aka yi alƙali da shaidu. Ita dokar Ingilan, a sashe na 58, ta bar wa hukuma mafita: in ta nuna cewa tana duba hanyar a kai a kai, tana gyara abin da ta gani cikin lokacin da ya dace, ba za ta biya ba. Ka ga ashe hukumar da ke aikinta ba ta da abin tsoro. Wadda ta yi barci ce za ta biya, kuma ranar da ciyaman ya gane cewa tifa ɗaya ta tsakuwa da kwalta ta fi diyyar mota goma araha, ranar rami zai daina kwana a titi.

Za a kuma ce ƙananan hukumomi ba su da kuɗi, gwamnoni sun riƙe ta hanyar asusun haɗin gwiwa. Wannan kuka ya daɗe, har a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Amma rigimar ciyaman da gwamna tsakaninsu ce. Direba bai taɓa zuwa tasha ya ce yau ba shi da kuɗin tikiti saboda mai mota ya riƙe masa, aka ƙyale shi ya yi lodi ba. Uzurin da ba a karɓa daga talaka, don me za a karɓe shi daga hukuma?

Saboda haka, ya kai mai karatu, in rami ya ɓata maka mota ko babur, kada ka tsaya ga Allah ya isa. Ɗauki hoton ramin da na motar nan take, ka ajiye wani abu a gefe, ko da takalmi ne, don a ga girmansa. Rubuta rana da lokaci da sunan titin, ka nemi shaidu biyu. Kada ka yar da abin da ya karye, kuma ka sa bakanike da mai sayar da kayan gyara su ba ka rasit. Bincika ka san ko titin na wa ne, domin kuka a ƙofar da ba ita ba asarar hawaye ne. Sa'an nan ka rubuta takarda, ka kai da hannunka, a buga maka hatimi a kan kwafinka, kana ƙirga kwanaki saboda wata ukun nan. In an yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, ba a biyan ko kwabo a wurinta, akwai kuma lauya. Mafi kyau ma shi ne mutanen unguwa da ƙungiyoyin direbobi su riƙa rubuta wa hukuma tun rami yana ƙarami, su adana kwafi, yadda gobe ba mai cewa bai sani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Takardar direba ɗaya ana iya jefa ta kwandon shara, ta direbobi ɗari da lauyansu kuwa sai an karanta. Su kuma 'yan majalisar da muka zaɓa, mu matsa musu su tsawaita wa'adin wata ukun nan, su cire sharaɗin yardar Antoni-Janar.

A nan ne nake ganin mu ɗalibai da malaman Hausa da ke wannan sashe na ƙasa muke da rawar takawa. 'Yan'uwanmu masu ɗauko tumatir da albasa da shanu daga Arewa, da masu acaɓa da keke mai ƙafa uku a zango-zango, su ne suka fi kowa shan wuyar ramuka, kuma da yawansu Turancin takarda ne ya tsare musu hanya. Mu da muka iya harsunan biyu, me zai hana mu fassara musu waɗannan dokoki, mu zauna da su a tasha mu rubuta musu koke? Ni dai na rubuta wa maƙwabcina tasa, bayan na sha fama kafin ya yarda ya sa hannu. Mun kai, an buga hatimi, kwafin yana cikin aljihun motarsa tare da rasit. Har yau ba a amsa ba, ramin kuma yana nan, sai dai yara sun zuba masa ƙasa suna miƙa wa direbobi hannu. Litinin mai zuwa za mu koma, kuma wannan karon direbobi shida ne suka ce a tafi da su.