Daga murjanin teku zuwa Kogin Iku: alƙawarin kashi 30 da ke jiran masu rubuta takardu

Ma'aikacin da ke barin Suleja da asuba ya ratsa gindin Dutsen Zuma zuwa Sakatariyar Tarayya zai iya ɗaukar batun duwatsun murjani a matsayin damuwar Ostireliya da Indonesiya. Yana da hujja. Gaɓar tekun Najeriya mai tsawon kimanin kilomita 853 ba ta da irin waɗannan duwatsu masu yawa, domin laka da ruwan daɗin da Kogin Neja ke zubawa a teku ba sa barin murjani ya yi girma. Sai dai darasin ya shafe mu.

Murjani bai mamaye ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a jikinsa suke rayuwa. A Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da cewa ɗumamar ruwa ta sa murjanin duniya ya koɗe a karo na huɗu. Abin da masana suka lura shi ne, inda ba a cika kamun kifi da zuba ƙazanta ba ya fi saurin farfaɗowa. Wato kare wuri tun yana da lafiya ya fi araha a kan raya shi bayan ya mutu.

A Disambar 2022, a birnin Montreal, ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka amince su killace kashi 30 na ƙasa da teku kafin 2030. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yarjejeniyar ta ambaci koguna da tafkuna ƙarara. A nan ne Jihar Neja ta shigo: Tafkin Kainji, Shiroro, Gurara, da ƙananan rafuffuka irin Iku da Suleja ke zaune a bakinsa. Cikin waɗannan ruwaye akwai giwan ruwa, yauni da bargi, kuma a Kogin Neja akwai ayu, wadda ke cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Maƙiyansu sanannu ne: taru mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi, gamalin da ake zubawa a ruwa, haƙar yashi, da ledar da magudanan gari ke turawa rafi kowace damina.

Da Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a Agustan 2023, an yi zaton batun zai sami uba. A ganina, har yanzu muryar tashoshin jiragen ruwa da kuɗin shiga ta fi ƙarfi. Kiyaye halittu yana hannun Ma'aikatar Muhalli, madatsu suna wani ofishin, lasisin masunta kuma yana jihohi. Tsakanin waɗannan tebura ne fayil ke kwana. Ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, amma sau nawa ake gayyatarta idan ana tsara kasafi?

Kuma ba batun kifi kaɗai ba ne. Daga Madatsar Gurara ake tura ruwa zuwa Madatsar Usuma da ke shayar da Abuja. Mataimakin da ke shirya wa minista takardar kashi 30 yana iya fara lissafinsa da sassan Gurara da ba a riga an lalata ba, ya kuma sanya sarkin ruwa da masunta cikin waɗanda za a tuntuɓa, tun da su ne ke bakin kogi dare da rana. Shekarar 2030 ba ta da nisa.