Yaran Kashin Zama Ba Su Manta Da 2020 Ba

Jama'a, a watan Maris 2020 aka rufe makarantu saboda Korona. 'Yan ajin ƙarshe suka koma a Agusta don jarrabawar WAEC, saura sai wajen Oktoba. Aka ce yara su yi karatu ta rediyo da waya. To wace waya? Gidan da ke da babbar waya ɗaya a Kashin Zama, maigida ke fita da ita kasuwar Jega. Nan yaro ya gane ɗan mai hali yana karatu, shi kuwa yana gona ko talla.

A Afrilu da Mayu gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Wallahi yaranmu sun ji labarin, kuma sa'o'insu ne. Tausayi kuwa a gida suka gan shi: uwa ta raba kwanon tuwo biyu ta ce a kai wa maƙwabta, ƙanin da ya ɗan iya karatu ya zaunar da 'yan unguwa a zaure. Da damina ta yi nisa ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi, rabon bai tsaya ba.

Wanda ke aji shida na firamare a lokacin zai iya jefa ƙuri'a a 2027. Wasunsu tun rufewar nan ba su sake taka aji ba, musamman 'yan mata. Kafin taron mazaɓa na gaba, kowane shugaban matasa na rumfa ya kawo sunayensu, mu je wajen iyayensu da kanmu.