Miya ba nama ba talauci ba ce, ku tambayi mutanen Kudancin Indiya

1/ Jama'a, mun ɗauki miyar da ba nama a matsayin abin kunya. Baƙo ya zo, uwargida sai ba da haƙuri take. Ni kam ban yarda ba, kuma hujjata tana tukunyar Tamilawa.

2/ A Tamil Nadu akwai miyar da ake kira sambar, kusan kullum sai an ci ta da shinkafa ko idli, wata waina ce da ake turarawa. Ba tsoka ko ɗaya a ciki. Wani ɓararren wake ne, toor dal, ake dafawa har ya narke, a zuba ruwan tsamiya, kurkum, busasshen barkono da hulba, sai kabewa, kuɓewa ko yalo.

3/ Ku sake karanta kayan nan. Tsamiya fa. Wadda mu muka tsare a kunu, su ita ce uwar miya.

4/ Abin da ya fi ci min rai shi ne zogale. Mu ganyen muke kwaɗawa, 'ya'yan kuwa mu bar su su bushe a bishiya. Can dogayen 'ya'yan nan ake saye da kuɗi. A tsinko su tun suna ɗanye shar, a yanka kamar tsawon yatsa, a jefa a sambar. In sun nuna sai ka tsotse cikin, ka yar da ɓawon. Wallahi abinci muke zubarwa a bayan gida.

5/ Yakuwa ma haka. A Andhra Pradesh sunanta gongura, da ita suke alfahari, suna dafa ta da waken nan.

6/ To ina daɗin yake fitowa? A ƙarshe. Miya ta gama nuna, sai a ɗora mai kaɗan, cokali 1 ko 2, ya yi zafi, a zuba ƙwayar mastad har ta fara tsalle, a sa barkono da ganyen kori, a juye a kan miyar. Ƙamshin ne ke yin aikin da muke jiran nama ya yi. Mu kuwa mai muke malalawa tun farko har ya yi iyo.

7/ Na san wani zai ce "malam, ina zan samu mastad?" Gaskiyarka. Ganyen korin kasuwarmu ma ba irin nasu ba ne, wani tsiro ne daban. Amma ai ba kwafa na ce a yi ba. Muna da daddawa, su ba su da ita. Farin wake in an surfa shi yana narkewa tsaf.

8/ Mai mura kuma ya gwada rasam: tsamiya, tumatir, masoro, tafarnuwa, ruwa-ruwa, a sha da zafi kamar romo.

9/ In za ki sa kuɓewa, ki ɗan soya ta tukuna kafin ta shiga ruwan tsamiya. Sambar ba ta son yauƙi.