Ciwon Gaɓɓai: Kafin Likita Ya Yanke Hukunci

Yau na ɗan ajiye maganar littattafai da marubuta a gefe, domin akwai wani batu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da mutum yake shiga idan gaɓɓansa suka fara ciwo da kumburi, ya je asibiti, likita ya duba ya ce yana zargin amosanin gaɓɓai ne, irin wanda Turawa suke kira rumatoyid, amma sai an yi gwaje-gwaje kafin a tabbatar. Daga ranar da aka faɗi wannan magana zuwa ranar da za a yanke hukunci, wani makonni zai yi yana jira, wani kuwa watanni. A nawa ganin wannan ɗan tsakanin ya fi kowane lokaci haɗari, kuma a cikinsa ne mutanenmu suka fi yi wa kansu ɓarna da hannunsu.

Matsalar farko daga bakinmu take. Bahaushe duk ciwon da ya taɓa gaɓa sunansa sanyi. Tsohuwar da gwiwarta ta gaji da ɗaukar ta shekara saba'in, sanyi ne. Mai sikila da ƙashi ya motsa wa, sanyi ne. Matashiyar da ta tashi da safe yatsunta sun sanƙare ta kasa ɗaura zani, ita ma sanyi ne. Alhali kuwa waɗannan ciwuka uku ne da ba su haɗa hanya ba. Na tsohuwa guringuntsin gaɓa ne ya cinye saboda shekaru da nauyi, yakan tsananta idan an yi aiki, ya lafa idan an huta. Rumatoyid kuwa garkuwar jiki ce da kanta take juyowa ta afka wa tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa, ya kumbura, idan aka bar shi ya shiga cin guringuntsi da ƙashi. Yakan fara ne da ƙananan gaɓɓai, na yatsun hannu da wuyan hannu da tushen yatsun ƙafa, sau da yawa dama da hagu a tare, kuma da asuba ya fi cin mutum. Sai ka ga an yi rabin awa, ko awa guda, ko fiye, kafin hannu ya saki. Ga kasala mai nauyi wadda barci ba ya kore ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne suke fama da shi a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. A da an ɗauka ciwon bai cika kama mutanen Afirka ta Yamma ba, amma likitocinmu na yanzu suna ganin sa a asibitocin koyarwa, kuma galibi sai yatsu sun riga sun karkace ake kawo mai shi.

To, me ya sa likita ba zai faɗa nan take ba? Mutane da yawa suna ɗauka jan rai ne ko neman kuɗin gwaji. Gaskiyar magana ita ce babu wani gwaji guda ɗaya da yake cewa e ko a'a. Gwajin jinin da ake kira RF yakan fito babu komai a wajen mutum 2 ko 3 cikin kowane 10 masu ciwon, sannan yakan nuna akwai a jikin wanda ba shi da shi, musamman mai ciwon hanta ko tarin fuka ko wanda ya manyanta. Gwajin anti-CCP ya fi shi dacewa, idan ya nuna akwai to da wuya a ce ba shi ba ne, amma shi ma rashinsa ba ya wanke mutum. ESR da CRP kuwa kumburi kawai suke aunawa, ba sa faɗin daga ina ya taso. Hoton ƙashi a watannin farko yakan fito lafiya lau. Saboda haka ne ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da na Turai suka fitar a 2010 ta zama ta haɗa maki: yawan gaɓɓan da suka kumbura, da sakamakon jini, da ko ciwon ya kai mako 6, sai an sami maki 6 cikin 10. Akwai kuma cututtukan da suke shigar burtu da kamanninsa, irin su ciwon hanta nau'in B da C, da zazzaɓin cikungunya da sauro ke yaɗawa, da lufus. Wasu daga cikinsu da kansu suke wucewa cikin 'yan makonni. Likitan da ya tsaya ya tantance bai yi laifi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kemis. Mutum yana cikin zafi, ranar komawa asibiti da sauran nisa, sai wani ɗan'uwa mai tausayi ya ce akwai wani yaro a bakin kasuwa da ya iya haɗi. A ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a farar leda, babu suna babu kwali. Ya sha da daddare, gari ya waye hannu ya saki kamar an yi ruwa an ɗauke. Daga nan sai ka ji ana cewa ai yaron nan ya fi likitocin asibiti. Abin da yake cikin irin wannan haɗin mafi yawan lokaci shi ne firednisolon ko dekzametason, dangin maganin da 'yan mata suke sha don ƙiba, wanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, a haɗa da maganin zafi kala biyu.

Wannan abin mamakin da ake gani a kemis ba sabo ba ne, kuma tarihinsa ya isa ishara. A watan Satumba na 1948, a asibitin Mayo da ke Amurka, wani likita mai suna Philip Hench ya yi wa wata mata 'yar shekara 29 allurar kotizon, wadda rumatoyid ya kwantar da ita. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Duniya ta ɗauka an gama da ciwon, har aka ba Hench da wasu masu bincike biyu kyautar Nobel a 1950. Ba a jima ba sai illolin suka fara bayyana ga masu shan sa na dogon lokaci: fuska ta kumbura ta yi zagaye, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni har ya riƙa karyewa da ƙaramin dalili, ido ya yi yana, jiki ya kasa yaƙar ƙananan cututtuka. Likitoci har gobe suna amfani da wannan magani, amma da awo, na ɗan lokaci, a matsayin gada kafin maganin gaske ya kama aiki. Shi kuwa mai jiran sakamako da ya sha shi a ɓoye, asara biyu ya yi. Ta farko, ya ɓatar da sawun ɓarawo, domin ranar da zai koma asibiti kumburin da likita yake son ya taɓa da hannunsa ya kwanta, awon kumburi na jini ya sauka, sai a ce masa ya je ya dawo bayan wata uku. Ta biyu, idan ya yi makonni yana sha, jikinsa yakan rage yin nasa sinadarin, ta yadda dainawa farat ɗaya za ta iya kai shi gadon asibiti. Wanda ya riga ya fara, shawarata kada ya yanke da kansa, ya kwashi ledar da sauran ƙwayoyin ya kai wa likita ya faɗa masa gaskiya. Haka ma magungunan gargajiya na kwalba da ake tallar su da lasifika, a ƙasashe da dama an sha gwada irinsu a tarar an zuba musu wannan sinadarin a ciki.

Wani zai ce, to malam, sai mu zauna mu rungume hannu zafi ya kashe mu? A'a. Farasitamol yana ragewa, muddin babba bai wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma ba shi da ciwon hanta. Ibufurofen ko dikulofenak sun fi shi kwantar da kumburi, amma ɗaya ake sha, ba a haɗa biyu, kuma bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko zuciya ko hawan jini, da mai juna biyu, kada su taɓa su sai da izinin likita. Wanda ya ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin ya dakata ya nufi asibiti. Ruwan ɗumi da safe yana sakin yatsu ƙwarai, a tsoma hannu a roba minti goma ana buɗewa ana dunƙulewa a hankali, kuma a lokacin hunturu babu dalilin yin alwala da ruwan randa. Gaɓar da ta yi zafi ta kumbura kuwa tsumma mai sanyi ta fi so. Kwanciya yini guda ba ta taimako, gaɓar da ba a motsa ta ƙara sanƙarewa take, naman da ke riƙe da ita ya saki. Tafiya kaɗan-kaɗan, aiki a rarraba shi, a huta kafin a gaji. Mai shan taba kuma ya sani cewa taba tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan ciwo, tana kuma rage wa maganinsa ƙarfi. Su ƙaho da tsaga da sakiya a kan gaɓar da ta kumbura, ni dai ban ga abin da za su ƙara ba sai ƙofar shigar ƙwayoyin cuta. Abu ɗaya ne ba a jira da shi ko na kwana ɗaya: gaɓa guda ta kumbura ta yi zafi sosai, ga zazzaɓi, mutum ya kasa motsa ta. Wannan yana iya zama ruwa ne ya taru da ƙwayar cuta a ciki, kuma cikin kwanaki kaɗan yake lalata gaɓa.

Tunda a dandalin marubuta muke, bari in ba da aikin da ya dace da mu. A sami ɗan littafi a riƙa rubutawa kullum: wace gaɓa ce ta yi ciwo yau, minti nawa hannu ya yi kafin ya saki da safe, wane magani aka sha. Ranar da yatsa ya kumbura a ɗauke shi hoto da waya, domin ciwon nan yana da halin ɓuya ranar asibiti. Likitan da yake da layin mutum hamsin a waje ba shi da lokacin dogon labari, amma shafi guda mai kwanan wata zai karanta shi cikin minti ɗaya, kuma ya fi masa amfani a kan “wallahi likita ko'ina ciwo yake yi.”

Sai kuma mutanen gida, waɗanda nake ganin rabin wahalar daga wajensu take. Ciwon da ba shi da suna ba a cika yarda da shi ba. Mace ta ce ba za ta iya matse wanki ba, ba za ta iya tuƙa tuwo ba, a dube ta a ga ba rauni ba jini, sai a ce son jiki ne. Da yamma kuma a gan ta ta ɗan warware tana hira, sai a ce ka gani ko, dama ƙarya take. Alhali haka ciwon yake, safiya ce lokacinsa. Sananne ne a wajen likitoci cewa yakan lafa wa mata da yawa lokacin da suke da ciki, ya taso ko ma ya fara a watannin bayan haihuwa. A wajenmu kuwa nan take za a ce ba ta yi wankan jego da kyau ba, sanyi ya shige ta, a ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa. Idan abin ya ƙi, a koma zargin kishiya ko jifa. Wata shida za su wuce ana wannan, gida ya rikice, yatsu suna lalacewa. Maigidan da ya ɗauke wa matarsa wanki da ɗibar ruwa na 'yan makonnin nan, ya kuma raka ta asibiti don ya ji da kunnensa, ya yi mata abin da ƙwaya ba za ta yi ba.

Na ce likitan da ya tsaya tantancewa bai yi laifi ba, amma jiran ma yana da iyaka, kuma a nan ne nake ganin haƙurinmu yakan yi yawa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bincike ya nuna cewa wanda aka fara wa maganin gaske a watanni 3 zuwa 6 na farko ya fi samun ciwon ya kwanta, kuma ƙashin da ya riga ya cinye ba ya dawowa. A Ingila ƙa'idar da hukumar NICE ta fitar a 2018 ta ce wanda ƙananan gaɓɓan hannunsa ko ƙafarsa suka kumbura suka ƙi saɓewa, a tura shi wajen ƙwararre da gaggawa ko da gwajin jininsa bai nuna komai ba. Mu a nan ƙwararrun likitocin gaɓɓai ba su da yawa, akasari sai a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Maiduguri. Don haka wanda kumburinsa ya wuce mako 6 ana ta ba shi maganin zafi kawai, ya buɗi baki cikin ladabi ya roƙi takardar turawa. Wannan ba raina likita ba ne.

Idan kuma sakamako ya fito aka ce shi ne, to zamanin da ciwon yake nufin naƙasa dole ya wuce. Metotirekset, wanda aka amince da shi don wannan ciwo a Amurka tun 1988, shi ne ginshiƙin magani har yau, kuma ana samun sa a ƙasar nan. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, tare da folik asid, ana duba jini da hanta lokaci-lokaci, kuma yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji aikinsa. Ba ya haɗuwa da ciki ko shayarwa, saboda haka macen da take shirin haihuwa ta faɗa wa likita tun a zaman farko, akwai wasu magungunan irin su haidiroksikulorokwin da salfasalazin da ake iya ba ta a madadinsa.